Leo Brouwer, Makaɗin Jita Na Ƙasar Kyuba, Da Tafarkinsa Na Koyarwa

 

An umurce ni in yi magana a kan wani mutum wanda ba ƙasarmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, sana'arsa kuma ita ce wadda mu a nan muka saba ajiye ta a ƙasan sana'o'i, wato kiɗa. Tun da yake kuwa na tabbata ba za a rasa wanda zai ce a ransa me ya haɗa majalisin ilimi da makaɗi ba, wajibi ne in share fage tukuna. Ban zo da fatawa ba, don ban kai wannan matsayi ba, saɓanin malamai kuma a kan hukuncin kayan kiɗa daɗaɗɗe ne, har Imam Gazali ya keɓe wa mas'alar saurare littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, waɗansu suka tsananta, waɗansu suka sassauta, kowa da hujjarsa. Abin da ya ja ni ga wannan mutum shi ne sha'anin tadrisi, wato yadda gwani yake sauko da abin da ya sani har ya iso ga hannun yaro ba tare da ya zubar da darajar abin ba. Amma kasancewar kiɗa fanni ne mai ƙa'idoji da lissafi, wannan ba baƙon zance ba ne a gidanmu, gama Abu Nasril Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950 ta Miladiyya, ya wallafa babban littafi a kansa.

Jitar da nake nufi ba ita ce ta lantarki da samari ke ratayawa a wuya ba. Ta katako ce zalla, mai tsirkiya shida, wadda wani kafinta Basifane mai suna Antonio de Torres, da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, ya daidaita mata siffar da take da ita yau. Da can da hanjin dabba ake murɗa tsirkiyoyinta uku na sama, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ga leda. Makaɗin yana zaune, ya ɗora ta a cinyarsa ta hagu, yatsun hagu huɗu suna danna tsirkiya a wuyanta don su zaɓi sauti, babban yatsan dama da ukun da ke biye da shi suna tsinkar tsirkiyar don su fitar da shi, ta yadda mutum ɗaya zai iya tafiyar da murya biyu ko uku a lokaci guda, kowace da hanyarta. Ko a kan abin da ake tsinkar tsirkiyar da shi akwai mazhabobi biyu: masu barin farce ya ɗan fito, suna goge shi kullum har ya yi santsi, da masu yanke shi ƙwal su yi da tsokar yatsa, kuma an yi shekaru ana jayayya, har da rubuce-rubuce.

An haifi Leo Brouwer ran 1 ga watan Maris na 1939 a birnin Habana. Gidan kiɗa ya fito, domin kakarsa Ernestina Lecuona mawallafiyar kiɗa ce, ƙanenta kuma Ernesto Lecuona yana cikin waɗanda sunansu ya fi tashi a makaɗan Kyuba na wancan zamani. Amma jita a wurin mahaifinsa ya fara taɓa ta, likita ne mai kaɗa ta don nishaɗi, a lokacin yaron yana da kamar shekara 13, abin da ya ja hankalinsa kuwa shi ne kiɗan falamenko na mutanen kudancin Sifen. Daga nan aka kai shi wurin malami na sosai, Isaac Nicola. To, a nan ne nake so ɗalibai su kasa kunne, don za su ji abin da suka sani a wani wuri dabam: Nicola ya ɗauki karatu a wurin Emilio Pujol, shi kuma Pujol ya ɗauka a wurin Francisco Tárrega, wanda ya rasu a 1909, wanda kuma ake ɗauka shi ne ya aza harsashin kiɗan jita na zamani. Isnadi ke nan mai mutum uku kacal tsakanin yaron Habana da tushen fannin, kuma Turawan da ke wannan sana'a suna ƙirga irin wannan silsila da alfahari, suna tambayar makaɗi a wurin wa ya yi karatu tun kafin su ji hannunsa. Yana da shekara 17 ya riga ya hau dandamali gaban jama'a, kuma ya riga ya fara rubuta kiɗan kansa, galibi ta hanyar nazarin rubutun magabata shi kaɗai, ba tare da malamin wallafa ba.

A watan Janairu na 1959 juyin mulkin Fidel Castro ya ci nasara, a cikin wannan shekara kuma Brouwer ya sami tallafin karatu zuwa Amurka, inda ya zauna a makarantar Juilliard ta birnin New York da kuma kwalejin Hartt ta Hartford, ya yi karatun wallafa a wurin malamai irin su Vincent Persichetti da Stefan Wolpe. Bai daɗe ba ya komo gida, yayin da waɗansu, har da shi Ernesto Lecuona ɗin, suke barin ƙasar. Aka ba Brouwer sashen kiɗa na hukumar shirya fina-finai ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ICAIC, aka kuma ba shi aji a makarantar kiɗa ta Amadeo Roldán, yana koyar da ilimin jituwar sautuka da na saƙa murya cikin murya, alhali waɗansu ɗalibansa kusan tsaransa ne.

A daidai wannan lokaci, wajen 1960 zuwa 1961, ya fara rubuta abin da ni a ganina ya fi kome nauyi a mizaninsa, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta a takarda, wato Estudios sencillos, darussa masu sauƙi. Kafin shi, mai koyon jita yana da hanya biyu ne. Ko dai ya bi darussan mutanen farkon ƙarni na 19, irin su Fernando Sor da Matteo Carcassi, waɗanda suke da kyau ƙwarai amma kunnen yaro ba zai ji kome a cikinsu ba sai ɗanɗanon zamanin da ya shuɗe. Ko kuwa ya ɗaga kai ya dubi darussa 12 na Heitor Villa-Lobos, mutumin Barazil, waɗanda sabon sauti ne amma gwanaye ma suna zufa a kansu. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili babu kowa, har ya zama ɗalibi yakan shekara biyar ko shida yana kiɗa bai taɓa jin sautin zamaninsa ya fito daga ƙarƙashin yatsunsa ba, in kuma ya haɗu da shi daga baya sai ya ƙi shi, don bai saba ba.

Ƙa'idar da Brouwer ya bi mai sauƙin faɗi ce: kada a haɗa wa mai koyo wahala biyu a darasi ɗaya. In hannun dama ne ke shan aiki, to a bar na hagu ya huta, in na hagu ne, a sassauta wa na dama. Ku ɗauki darasi na farko. An ba babban yatsa waƙar gaba ɗaya a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsu biyu ba su da aiki sai maimaita sauti biyu a sama, galibi ma a tsirkiyar da ba a danna ba. Yaro yana tsammani wasa yake yi, alhali ana koya masa babban abu, wato ya sa yatsa ɗaya ya yi magana da ƙarfi ɗan'uwansa da ke jikinsa ya yi raɗa. Ko ku ɗauki na shida, wanda kusan babu makaɗin jita a duniya da bai bi ta kansa ba: hannun dama yana da tsari guda tak, yatsu suna bin tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, su sake, su sake, ba canji har kusa da ƙarshe, hannun hagu kuwa ya kama siffa ɗaya ya riƙe, sai can ya matsa zuwa wata, amma saboda yadda aka zaɓi sautukan, ana gauraya waɗanda aka danna da waɗanda aka bari a sake, abin da ke fitowa yana da faɗi da zurfi har mai saurare ba zai yarda ɗalibin shekara biyu ne ke kaɗawa ba. A cikin na biyar kuma ya shigar da taken rawar mutanen Kyuba, mai ɗan ɗingishi, wanda bugunsa yake faɗuwa a inda kunnen Bature bai zata ba. Kusan dukansu shafi ɗaya ne ko ƙasa da haka, waɗansu ba su kai minti guda ba.

Wanda ya yi makarantar allo zai gane hikimar nan take, domin malaminmu bai taɓa haɗa mana babbaƙu da farfaru a rana ɗaya ba, sai harafi ya zauna sa'an nan a ɗora masa wasali, kuma duk da haka abin da ke kan allon tun ranar farko ba wasan yara ba ne. Iyakar kamancen ke nan, kada wani ya ce na daidaita abin da ba ya daidaituwa. Abin da nake so a riƙe shi ne Brouwer ya rage wa ɗalibi wahalar yatsa amma bai rage masa kome a wajen ma'ana ba; bai ɗauka cewa wanda hannunsa bai nuna ba kunnensa ma bai nuna ba. Yawancin masu rubuta littattafan koyarwa, a kowane fanni, a nan suke faɗuwa, sai su zaci sauƙaƙawa ita ce a tsiyaye romon a miƙa wa yaro ruwa.

Darussa goma ya fara fitarwa, ya ƙara goma a farkon shekarun 1980 suka zama 20, sa'an nan a 2001 ya kawo sababbi guda goma waɗanda ya sadaukar da kowane ɗaya ga wani magabaci, daga cikinsu akwai Sor da Tárrega da Villa-Lobos, akwai kuma Debussy da Stravinsky waɗanda ba makaɗan jita ba ne, don ɗalibi ya san fannin ya fi kayan kiɗansa faɗi.

Koyarwarsa ba ta tsaya ga yara masu jita ba. A 1969 shugaban hukumar fina-finan, Alfredo Guevara, ya sa aka kafa wata ƙungiya ta gwaje-gwajen sauti a ƙarƙashin hukumar, aka damƙa ta a hannun Brouwer. Waɗanda aka tara masa samari ne mawaƙa masu baiwa, galibinsu da kunne suka koya, waɗansunsu kuma hukumomi ba su kallonsu da idon rahama a lokacin: Silvio Rodríguez, da Pablo Milanés, da Noel Nicola, wanda ɗan malaminsa ne Isaac Nicola, daga baya kuma Sara González. Ku duba yadda amana take zagayawa, uba ya koyar da shi, shi kuma ya koyar da ɗan. Ya zaunar da su, shi da waɗansu malamai, ya karantar da su rubutun kiɗa da ƙa'idojinsa a taƙaice cikin gaggawa, yana sa su saurari na Turai da na Barazil da na gargajiyarsu duka, bai ce su bar waƙar da suka iya su koma ta manyan zaure ba. Daga cikin wannan aji ne aka sami jigogin salon waƙar da ake kira Nueva Trova, wanda ya game ƙasashen da ke magana da Sifananci. Shi kansa a waɗannan shekaru yana rubuta kiɗan fina-finai masu yawa, har da Lucía da Memorias del subdesarrollo, dukansu na 1968, daga baya kuma fim ɗin Meziko Como agua para chocolate na 1992.

Masu nazari sun saba raba wallafe-wallafensa zamani uku. Na farko na ƙuruciya ne, mai cike da taken gida. Na biyu ya faro bayan ya halarci bikin sabon kiɗa na birnin Warso a ƙasar Folan a 1961, inda ya ji abin da mawallafi Penderecki da ire-irensa suke yi. Daga nan ya fito da Elogio de la danza a 1964, da Canticum a 1968, da La espiral eterna a 1971, wanda ya gina shi a kan sauti uku maƙwabtan juna da ake jujjuya su da sauri a hankali a hankali suna buɗewa, har a kai inda ba a jin sauti sosai sai ƙwanƙwasar yatsa a kan tsirkiya. Gaskiya zan faɗa muku, kiɗan wannan zamani nasa sai mai haƙuri, kuma na fi ganin amfaninsa ga masu sana'ar da ga sauran jama'a. Amma ya nuna cewa jita tana iya ɗaukar duk abin da mawallafa suke ɗora wa sauran kayan kiɗa.

Akwai wurin da labarin ya ratso ta ƙofarmu, kuma bai kamata in wuce shi ba. Kyuba ba ta soke bauta ba sai a 1886, kuma cikin bayin da aka kai can akwai Yarbawa masu yawa, waɗanda zuriyarsu suka riƙe gangunan bata da sunayen abubuwan bautar kakanninsu har yau. Wannan take yana cikin jinin kiɗan ƙasar, Brouwer kuma bai ɓoye shi ba, har ya rubuta Rito de los Orishas a 1993. Tun a 1970 ma shi ne ya riƙe jita a ranar da aka fara gabatar da El Cimarrón na Bajamushe Hans Werner Henze a garin Aldeburgh na Ingila, wanda aka gina a kan labarin Esteban Montejo, bawan da ya gudu ya zauna a daji, ya rayu har ya wuce shekara 100 ya ba marubuci Miguel Barnet tarihinsa da bakinsa. Sa'an nan a 1981 Brouwer ya rubuta wa Ba'amurkiya Sharon Isbin kiɗan da ya fi kowane nasa shahara a dandamali, El Decamerón Negro, wanda ya ɗauko daga tatsuniyoyin Afirka da Bajamushen nan Leo Frobenius ya tattara. Frobenius ɗin shi ne wanda ya zo Ife a 1910, ya ratsa ƙasar Yarbawa da ta Nufe, mutum ne mai ƙwazon tarawa amma mai son ƙawata zance, wanda da ya ga wani kan tagulla na Ife sai ya ƙi yarda aikin mutanen wurin ne. Saboda haka ba na ɗaukar riwayarsa hujja. Duk da haka labarin da Brouwer ya tsinto a ciki ya dace da majalisinmu: jarumi ne a cikin al'ummar da mayaƙa suke sama makaɗa suke ƙasa, ya so ya ajiye takobi ya ɗauki kayan kiɗa, danginsa suka kore shi. Kashi uku ne, molon jarumi, da gudun masoya ta kwarin amsa-kuwa, da waƙar budurwa mai bege. A kashi na tsakiya makaɗin yana buga jimla da ƙarfi ya maimaita ta a hankali, ya sake maimaitawa ƙasa da haka, har ka ji kamar duwatsu ne ke mayar da ita. Da wannan aiki zamaninsa na uku ya kankama, wanda ya komo ga waƙa mai daɗin ji, waɗansu abokan tafiyarsa na da suka ce ya ja da baya. Ni ban yarda da su ba, domin wanda ya ji Paisaje cubano con lluvia na 1984, inda jita huɗu suke fara ɗigo ɗaya ɗaya, su yawaita, su zama ruwa kamar da bakin ƙwarya, sa'an nan su ɗauke, zai gane ba za a iya rubuta shi ba sai da dabarun da aka koyo a zamani na biyu.

A farkon shekarun 1980 kuwa ƙaddara ta faɗa masa, jijiyar yatsan tsakiya na hannunsa na dama ta sami rauni, rauni irin wanda ba zai hana manomi ko ɗan kasuwa kome ba, amma ga makaɗin jita shi ne ƙarshen hawa dandamali. Yana da shekara arba'in da 'yan kai, yana cikin ganiyarsa, ana gayyatarsa ƙasa ƙasa. Da a ce dukan abin da ya mallaka yana cikin yatsunsa ne, da labarin ya ƙare a nan, kamar yadda na gwanaye da yawa ya ƙare, aka binne su da abin da suka sani. Amma tun yana saurayi ya riga ya zuba iliminsa a takarda da kuma ƙirjin ɗalibai, saboda haka sai waɗansu hannuwa suka ɗauka: Julian Bream na Ingila, wanda ya rubuta wa Concierto Elegíaco a 1986 da wata sonata a 1990, da John Williams, wanda ya rubuta wa Concierto de Toronto a 1987, su biyun kuwa su ne manyan makaɗan jita na zamaninsu bayan Andrés Segovia. Brouwer kuma ya koma jagorancin manyan ƙungiyoyin makaɗa, ya shugabanci ta ƙasar Kyuba, ya tsaya a kan gasar jita ta duniya da aka fara a Habana a 1982, sa'an nan daga 1992 zuwa 2001 ya jagoranci ƙungiyar makaɗan birnin Kurɗuba a Andalus, garin Ibn Rushd da Imam Kurɗubi mai tafsiri, garin da Ziryab ya sauka a ƙarni na 9 da udinsa ya kafa makarantar kiɗa. A 2010 aka ba shi lambar Tomás Luis de Victoria, wadda ake ba mawallafan kiɗa na ƙasashen Sifen da Fotugal da Latin Amurka.

Masu halartar darussan da yake bayarwa ga ƙwararru a ƙasashe sun san shi da ɗabi'a ɗaya, wato yakan tsayar da makaɗi a kan dalilin jimla kafin ya kula da saurin yatsansa, yana kawo misali daga zane da gine-gine da lissafi, domin a wurinsa siffar da ke cikin ganyen itace ko cikin zanen mai zane ita ce ke cikin kiɗa.  Ina da abin da zan soke shi da shi, ba zan ɓoye ba: ya yi yawan wallafa a shekarun baya, waɗansu ayyukan suna maimaita juna, kuma sunansa ya yi wa matasan mawallafan jita inuwa har da yawansu suka zama masu taƙlidi, suna kwaikwayon salonsa ba su kai ga dalilinsa ba. Laifin na biyu ba nasa ba ne shi kaɗai, amma ya faru.

Na ga lokaci ya ja. Roƙona ga malaman da ke nan, na kowane fanni, shi ne duk wanda Allah ya ba ƙwarewa a cikinku kada ya bar rubuta littafin aji ɗaya ga waɗanda ba su da abin yi, ya zauna ya rubuta shi da hannunsa. Ga ɗalibai kuma, waɗannan kaɗe-kaɗe duk suna nan a intanet kyauta. Ku fara da darasi na shida, ku bi da El Decamerón Negro, dukansu biyu ba za su ci muku minti 20 ba. Wanda yake da tambaya ko gyara, ga ni a zaune.